Laccar Gusau: Inda Masu Haɗa Na'ura Ke Samun Kaya, Da Da Yanzu

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo: masu sayar da kaya na da, na yanzu, sai yadda ake gane jabu.

Na farko. A Amurka a da akwai kantin kayan na'ura mai suna RadioShack, an buɗe shi a Boston a 1921. Yaro ya shiga da 'yan canjinsa ya sayi risisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, guda biyu ya fito. A Ingila kuma Maplin, 1972. RadioShack ya karye a 2015, Maplin ya bi shi a 2018, ciniki ya koma intanet.

Mu fa? Mu kantinmu mai gyaran rediyo ne, nan bakin kasuwa. Ku yaran yanzu ba ku ga wannan teburin ba. Gawar rediyo tuli guda a ƙarƙashi, gwangwanin madara cike da kwandansa mai tara wuta, wani cike da tiransisto mai ƙara ƙarfin sigina. In NEPA ta ɗauke, sai a tura ayan, ƙarfen narka dalma, cikin garwashi ya yi zafi, a narka dalma a ci gaba da aiki. Ka zo neman kaya, ba zai miƙo maka ba, a'a. Sai ya jefo maka tsohon fanel, wato allon cikin rediyo, ya ce, "Ciro da kanka." Ka ciro risisto ya ce karanta mini launukan jikinsa, su ke nuna ƙarfinsa. Ruwan ƙasa, baƙi, ja. Nawa ke nan? Wa ya sani? Yawwa, 'yata, ohm 1000, ohm shi ne ma'aunin risisto. Allah ya yi miki albarka, mazan duk sun yi tsit. Ka ɗauko kwandansa, ya nuna maka kanta ya kumbura, ya ce ta mutu, yar da ita. Kun gani, kaya kake saye amma karatu ake ba ka kyauta. Karatu kyauta! Abin da babu a wurinsa sai a ba direba saƙo zuwa Sabon Gari a Kano, ko a jira mai zuwa Alaba a Legas. Tun ba yau ba nake faɗa, tsohon fanel ya fi sabon kwali koyarwa, don a jikinsa kake ganin yadda wani ya yi tunani, me ya sa ya ajiye wannan kusa da wancan.

An ɗago mini agogo. Na uku... au, na biyu muke ko? Yanzu akwai kantunan intanet irin su DigiKey da Mouser a Amurka, kayansu na gaske ne amma kuɗin aiko su ya fi kuɗin kayan in kaɗan ka saya. Akwai AliExpress, da araha, sai dai haƙurin jira. Arduino, ƙaramin fanel da ake ba umarni ta kwamfuta, ta fito daga Italiya a 2005, ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Jabu kuwa...

Na'am, ɗana? Ɗaga murya. Yana tambaya, wanda ba shi da ko sisi ina zai fara?

Wurin 'yan gwangwan. Nemi mataccen batirin laftof ka buɗe a hankali, yawanci za ka tarar da 'yan batura da ake kira 18650 a jere. Sa mitar auna wuta. Mai lafiya in ya cika yana kai volt 4.2, wanda ya yi ƙasa da 2 ka rabu da shi. Kada ka huda, kada ka bari ƙarfe ya haɗa kai da gindi, gobara ce. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa, ko an cire ta daga soket tana riƙe wuta, kada ka sa mata hannu sai da babba a kusa. An kira salla, maganar jabu sai wani zaman.