Ƙarfen da ba ya miƙewa da zafi

Jama'a, assalamu alaikum. Ga abin da na zo da shi yau a hannuna, na baya ku matso ku gani. Siririn falle ne na wani gamin ƙarfe da ake kira Invar, kaurinsa bai kai na farce ba, an naɗe shi kamar gammo. A haka masana'anta ke sayar da shi, naɗi-naɗi, mai saye ya yanka gwargwadon buƙatarsa.

Duk ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya ji sanyi. Mita ɗaya ta ƙarfen da muka saba gani, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara tsawo da kusan milimita 1.2. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. To, ka gaya wa mai haɗa agogo haka ka ga fuskarsa. A 1896 wani masanin kimiyya ɗan Suwizalan, Charles Guillaume, ya gano cewa idan aka gauraya ƙarfe da wani farin ƙarfe mai suna nikel kashi 36 cikin ɗari, miƙewar tana raguwa zuwa kusan ɗaya bisa goma. Aka sa wa gamin suna Invar, kuma a 1920 ya karɓi lambar Nobel a kansa. Abin mamakin shi ne, idan ka ƙara nikel ɗin ko ka rage shi da yawa, wannan hali ya gudu. Shi ya sa ake auna gamin kamar mai auna magani.

Yau manyan jiragen ruwa da ke dakon gas ɗin da aka sanyaya har ya zama ruwa, a sanyin digiri 162 ƙasa da sifili, wasunsu an shimfiɗe cikin tankunansu da fallen Invar mai kaurin milimita 0.7. Da ƙarfe na yau da kullum ne, sai ya tsuke ya ja ɗinkin walda har ya tsage.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne idan aka manna Invar da wani ƙarfe mai saurin miƙewa, baya da baya. Da zafi ya zo, ɗaya na son tafiya, ɗaya ya ƙi, sai fallen ya lanƙwashe. Wannan ƙaramin "ƙyas" da kuke ji a dutsen guga idan ya yi zafi ya kashe kansa, lanƙwasar ce ta raba wuta.

Kaurin ma ba a wasa da shi. Ana murza fallen a sanyi tsakanin mirginoni, wato sandunan ƙarfe masu juyawa, har ya siranta, a gasa shi ya yi laushi, a sake murzawa. Na'urar da injiniyan Folan Tadeusz Sendzimir ya ƙera tana da mirginoni 20, ƙananan biyun tsakiya ne kawai ke taɓa fallen, sauran suna tokare su kada su lanƙwashe.

Ku miƙa shi ya zagaya, amma a kula da gefen, yana yanka.