Gobara a gidan haya: abin da doka ta ɗora wa mai gida a Ingila

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

Yawancinmu a nan haya muke zaune, kuma da yawa sun ɗauka duk gobarar da ta tashi mai gida ne zai biya. Ba haka dokar take ba. Inshorar mai gida gini kawai take rufewa. Katifa, kayan sawa, gwala-gwalan iyaye mata, duk suna wuyan ɗan haya, sai dai in ya yi tasa inshorar kayan ɗaki. Ku yi ta tun yanzu.

Mai gida yana ɗaukar alhaki ne idan sakacinsa ya jawo wutar. Dole ya sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, mai aiki tun ranar da kuka tare, in ya ƙi tarar na iya kai fam 5,000. Dole a duba gas duk shekara, wayoyin lantarki duk shekara 5, a ba ku takardun. Idan soket na tartsatsi ko fuyus na yawan yankewa, ku sanar da shi a rubuce, ta imel ko saƙo, ku ajiye kwafi. Maganar baki tana da wuyar tabbatarwa a kotu. In kuwa sakacinku ne da kaskon turaren wuta ko cajin batirin keke ya haddasa gobarar, ana iya bin ku.

Bayan gobara, kada ku koma ciki sai 'yan kwana-kwana sun amince. Ku ɗauki hoton komai, ku nemi rahotonsu na abin da ya jawo wutar. A ranar da abin ya faru ku je sashen gidaje na ƙaramar hukuma, domin dokar gidaje ta 1996 ta sa wanda gobara ta raba da muhalli cikin masu fifiko wajen samun matsuguni, amma wanda bizarsa ta hana shi tallafin gwamnati ya fara tuntuɓar Shelter ko Citizens Advice, ƙungiyoyin agaji masu ba da shawara.

Kada ku daina biyan haya da kanku. Ku duba yarjejeniyar ko ta ce a dakatar da kuɗin idan gida bai zaunuwa, in babu ku nemi rangwame a rubuce. Wanda ya ji rauni yana da shekara 3 ya shigar da ƙara, mai asarar kaya kuma shekara 6.