Rediyon da ke tada mutane daga barci a Oklahoma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi ɗan farin akwatin nan da ke gefen gadona. Rediyo ne, amma babu waƙa babu talla a cikinsa. Tashar NOAA kaɗai yake kamawa, ta hukumar kula da yanayi ta Amurka, inda muryar kwamfuta ke karanto hasashe dare da rana. Mita bakwai suke da ita, daga 162.400 zuwa 162.550, shi ya sa rediyon FM na gida ba ya kamo ta.

Yawanci shiru yake. Amma da zarar ofishin hukumar na garin Norman ya fitar da gargaɗin mahaukaciyar guguwa, ko ambaliya, ko ruwan ƙanƙara, sai ya kunna kansa da wata irin ƙara. Wallahi duk nauyin barcinka sai ka miƙe.

Wani zai ce ai akwai jiniya a gari. Akwai, a nan ma ana gwada ta duk Asabar da tsakar rana. To amma don mutanen da ke waje aka yi ta. Kana ɗaki ƙarfe biyun dare, taga a rufe, ruwa na dukan rufi, ina za ka ji? Waya ma tana kawo saƙo, sai dai caji kan ƙare, wuta kan ɗauke. Shi kuwa wannan yana da batir.

Garin Moore na kusa da mu. Ranar 20 ga Mayun 2013 guguwa ta ratsa shi, mutum 24 suka rasu, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare. Allah Ya kyauta. Tazarar da ke tsakanin gargaɗi da isowarta 'yan mintuna ce kawai.

'Yan uwana sababbin zuwa, don Allah ku saya, bai fi kuɗin cefanen yini ba. Ku shigar da lambar gundumarku mai alƙaluma shida, don kada ya riƙa tashinku kan abin da ke faruwa nesa. Ran Laraba hukumar kan yi gwajin ƙarar rediyon, kada hankalinku ya tashi. In gargaɗin guguwa ne na gaske, a kwashi yara a sauka ƙasa, a shige ɗakin tsakiya marar taga. Ku biyo ni gareji in nuna muku ramin da muke fakewa.