Ƙarfe 4 an yi magariba a Hamburg

Assalamu alaikum jama'a, ku duba bayana dan Allah, ƙarfe 4 da 'yan mintuna ne fa yanzu na taso daga aiki amma gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i. Haka Disamba take a nan Hamburg, rana sai wajen takwas da rabi take leƙowa, in ma ta ga dama kenan.

To abin da ya fi ba ni wahala farkon zuwana Jamus ba sanyi ba ne, sallah ce. A sito nake aiki muna shirya kwalaye, hutu minti 30 ne kacal, kuma azahar na shiga sha biyu da kwata, kafin ka ce me la'asar ta shigo tun biyu ba ta yi ba, ga magariba na biye da ita, duk a cikin shif ɗaya. Sai da na cire kunya na samu oga na yi masa bayani da guntun Jamusancina, ya kalli agogo ya ce ba matsala amma in faɗa masa minti nawa. Minti nawa! Na ce biyar, wallahi biyar ɗin ya rubuta. Yanzu akwai wani lungu bayan kwalaye, nan nake shimfiɗa kwali in yi.

Sai gaisuwa. Mu da muka saba ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, nan kalma ɗaya ce, Moin, safe da dare, an wuce wurin. Wani dattijo maƙwabcina na tsaya na ɗan rusuna ina tambayarsa ya jiki, bawan Allah ya zaci wani abu nake nema. Wata uku na ɗauka ƙina yake yi, ashe shi ke karɓar mini saƙo in ba na nan.

Yanzu titin Steindamm za ni, kusa da babbar tashar jirgi, can ake samun naman halal, dole in yi cefane yau don gobe Lahadi shaguna a rufe suke ruf. Wannan ƙarar da kuke ji a jakata robobin ruwa ne, kowace ɗaya santi 25 ake ba ka in ka mayar shago, da can zubarwa nake yi. Bari in sa hannuna a aljihu, yatsuna sun daina ji.