Tokar da aka yarda ta shiga siminti, don me aka hana a cike rami da ita?

[Bidiyon da ke yawo a WhatsApp: kamiyo na juye toka a bakin kori]

Wanda bai ga wannan bidiyon ba, to wayarsa ba caji. Ni kam an turo mini shi har na gaji, har da kawuna wanda ban san ya iya tura komai ba sai gaisuwar Juma'a. Kamiyo ya ja da baya, ya juye tokar masana'anta a bakin kori, wai don a tare zaizaya kafin damina. Sai gardama ta kaure. Wasu na cewa guba aka kawo mana. Wasu na cewa ƙauyanci ke damunmu, ai Turawa da irin wannan toka suke gina gadoji da madatsun ruwa.

Abin dariyar shi ne kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Akwai dai mataki guda a tsakani da duka biyun suka tsallake, kuma a kansa za mu zauna yau. Sauran zan bi su da gudu.

[Hayaƙi, tulin toka, motoci na lodi]

Kowace masana'anta na fitar da abin da ta nufa, tana kuma fitar da abin da bai dame ta ba. Mai sussukar gero hatsi yake so, amma ƙaiƙayi na nan. Tashar lantarki ta Sonichar da ke Anu Araren, can kusa da Cirozerin, gawayin dutse take ƙonawa tun farkon shekarun 1980, kuma duk inda aka ƙona gawayi toka na biyo baya. Inda ake narka tama ana samun kashin ƙarfe, wanda kakanninmu suka sani da kashin maƙera, sai dai na masana'anta tsauni guda ne. Injinan gyaran shinkafa na bakin kogin Isa na tara ɓuntu. Mu ƴan jahar Tawa ba ƴan kallo ba ne a zancen nan: ga masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, ga gawayin Salkadamna da aka daɗe ana shirin kafa wa tashar wuta. Ran da ta tashi, tokar a ƙofarmu za ta sauka.

Tsohuwar dabara ita ce a haƙa rami a binne, ko a dama da ruwa a tara a tabki.

[Hotunan Kingston daga sama]

Wannan jihar Tenesi ce a Amurka, watan Disamba 2008. Bangon tabkin tokar tashar lantarki ta Kingston ya fashe cikin dare, toka fiye da mita kubik miliyan 4 ta malale kan gidaje da koguna. Ku kalla da kanku, ba sai na ƙara gishiri ba.

Dabara ta biyu, a mayar da ita kayan aiki. Dutsen siminti, wanda ake kira kilinka, sai an gasa shi a wuta mai zafin digiri 1450, kuma sana'ar siminti ita kaɗai na fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Tokar gawayi mai laushi na iya maye kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na simintin da ke cikin kwaɓi. Takan yi jinkirin kamawa a kwanakin farko, daga baya ta yi ƙarfi sosai. An rage wuta, an rage rami, an rage kuɗi. Har nan ba mai musu.

To ga inda ake ɓata.

[Tsakar gida. Inna na zaune gaban tsohon gwangwani mai huji]

Na zo wurin Inna don ita ce ta fi kowa iya bayanin nan, ko da ba ta san da haka ba. Ta ƙona karan gero, ta kwashe tokar ta zuba cikin gwangwanin da aka huhhuda gindinsa, ta shimfiɗa ƴar ciyawa a ƙasa. Yanzu ga ruwa tana zubawa a hankali. Ku dubi abin da ke ɗiga cikin kwano.

Na ce, Inna, don me ba za ki zuba tokar cikin miya kai tsaye ba, ki huta?

Ta ce, kai ɗan nan, toka ake ci? Ƙarfinta ake so, ruwa ke jawo shi.

Shi ke nan. Abin da masu farar riga ke yi a ɗakin gwaji ke nan, sai dai su ana biyan su. Ruwa ya ratsa toka, ya narkar da abin da zai narku, ya wuce da shi. Masu dafa gishiri a Foga haka suke tace ƙasa cikin kwando tun kaka da kakanni. Tokar Inna ta kara ce, abin da ruwa ke jawowa daga cikinta ɗan'uwan kanwa ne. Tokar gawayin dutse kuwa na ɗauke da ɓurɓushin arsenik, dalma, kuromiyom, seleniyom da boron. Da ma suna cikin gawayin kaɗan-kaɗan, wuta ta cinye gawayin ta bar su a tattare.

Mutane na ganin jerin sunayen nan sai su ce an gama magana, guba ce. Ku dakata. Ƙasar gonarku ma in aka auna ta za a samu ɗan arsenik da ɗan dalma. Simintin da kuke saye a kasuwa akwai kuromiyom ciki. Tambayar da mai sa ido ke yi ita ce: nawa ne zai fito, ta wace hanya, ya je ga wa?

[Kwalba biyu a kan tabarma]

Ga kwalba biyu. Ta dama na zuba mata toka gari, ta hagu na jefa mata guntun bulo da aka kwaɓa da toka iri guda, awo guda. Tokar murhu ce, kada wani ya ce na shigo da guba gida. Ga ruwa. Ta dama ta dagule tun ban aje buta ba. Ta hagu, bulon na zaune kamar surukin da ya zo gaisuwa. Ido ba ya ganin arsenik, don haka wannan misali ne kawai, amma dalilin ɗaya ne. A cikin gari kowace ƙwaya fuskarta a buɗe take ga ruwa. A cikin bulo kuwa siminti na sakin wani sinadarin farar ƙasa yayin da yake kamawa, tokar ta haɗu da shi ta zama ita ma abin ɗauri, ƙananan ƙofofin da ruwa zai bi su toshe. Ruwa na lasar bayan bulon ne kawai.

Shi ya sa gwajin ma iri biyu ne. A ƙa'idar Turai, in abu gari ne, ana haɗa shi da ruwa bisa lissafin lita 10 ga kowane kilo 1, a yi ta girgizawa awa 24, a tace a auna. Amurkawa na da nasu mai ruwan tsami, awa 18. In kuwa dunƙule ne kamar bulo, ba a niƙa shi. Ana tsoma shi cikin tanki kwana 64, ana sauya ruwan sau 8, ana auna kowane zubi. Sai a duba abin da ya fito, a yi lissafin yadda zai tsarma kafin ya kai rijiya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na arsenik a ruwan sha shi ne maikirogiram 10 a lita. Wato giram guda tak ya ishi lita dubu 100. Ku lissafa bidon nawa ke nan.

Akwai kuma wata ƴar ƙeta a ciki. Dalma ta fi fita in ruwa na da tsami. Arsenik da seleniyom da kuromiyom kuwa suna iya fita ko a ruwa mai kanwa-kanwa. Don haka wanda ya gwada sau ɗaya da ruwan famfo ya ce lafiya lau, bai gama aiki ba.

[Mu koma bidiyon kamiyo, a tsayar da hoton daidai juyewa]

Yanzu ku sake kallo. Toka gari. Ba siminti, ba rufi, ba shimfiɗa a ƙasa. An kuma zaɓi inda ruwa ya fi ƙarfi a duk faɗin garin, bakin kori. Wannan gwangwanin Inna ne, babba, kwanon da ke ƙasa kuwa fadama ce. Wanda ya san kwarin Majiya ya san yadda rijiyar lambu take kusa, ya san albasar Galmi da ruwan nan take sha. Da rani kuma ba sai an jira ruwa ba, iskar hunturu ta isa ta raba wa kowa rabonsa a hanci.

Don haka izinin da hukuma ke bayarwa ba na tokar ba ne, na aikin da za a sa ta ne. Wannan jumlar kaɗai in kuka riƙe kun fi rabin masu gardamar. A 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka ta duba tokar gawayi cikin kankare, ta ce abin da ke fita daga gare shi bai wuce na kankaren da ba toka ba. A 2015 hukumar nan dai ta kafa doka cewa mai son zuba ta sake a ƙasa, in ba aikin hanya ba ne kuma ta kai ton 12,400, sai ya kawo hujjar ba za ta cutar ba. Toka ɗaya ce. Ni a ganina ma wannan adadi ya yi yawa ga ƙauyen da rijiyarsa guda.

[Taswira: Arlit da Akokan]

Ba sai mun je Amurka neman darasi ba. A Akokan an taɓa amfani da tarkacen duwatsun mahaƙar yuraniyom wurin cikon hanyoyi. Dutse ne, kyauta ne, yana kusa, wa zai ƙi? A 2007 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta auna ta samu tururin nukiliya mai yawa a titi, a 2009 Greenpeace ta samu wurin da ya kai kusan ninki 500 na yadda aka saba. An kuma ga ƙarafan da suka gurɓata a kasuwar Arlit. Nan kwalbata ba ta da amfani, na'urar awon tururi ake buƙata, kowace cuta da awonta. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan ta rufe a watan Maris 2021 ta bar tarkace wajen ton miliyan 20. Wannan ba a yin bulo da shi, rufe shi ake yi a tsare. Wani abin, ramin shi ne gidansa.

[Rubuce-rubucen doka na wucewa a allo]

Dokoki, da sauri, don hotuna sun ƙare mini. Tarayyar Turai a 2008 ta ce kafin saura ya fita daga sunan shara sai an tabbata akwai mai amfani da shi, ba tarawa za a yi ana jiran tsammani ba, sai ya yi aiki ba tare da wani gyara na daban ba, sai ya zama daga cikin aikin masana'antar ya fito, sai kuma bai cutar da mutum ko muhalli ba. A gida muna da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta watan Disamba 1998, da ofishin BNEE da ke duba tasirin manyan ayyuka. Sannan ga yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, da ta Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da shara mai haɗari Afirka ko da an ce sake sarrafawa za a yi. Kun san dalili? A 1988 an sauke tokar sharar birnin Filadelfiya wajen ton dubu 15 a tsibirin Kassa, gaban Konakiri. A takarda an rubuta kayan yin bulo ne. Da itatuwa suka fara bushewa aka tilasta kwashe ta. Kalmar bulo ba ta ɗaure komai, siminti ke ɗaurewa.

Gargaɗi ga hukuma ma akwai. In aka sa neman izini ya fi binnewa tsada da wahala, kowa rami zai haƙa, ko ya jira dare. Mai buga bulo a Tawa ba zai tura samfuri ƙetare ba duk lodi. Aikin mai masana'anta ne ya gwada, ya sake gwadawa duk lokacin da gawayi ko tanda ya sauya, ya ba direba takarda.

[Filin buga bulo, wani dattijon magini na yayyafa ruwa]

Na tambayi Baba magini ko zai karɓi toka in an kawo masa kyauta. Ya ce, yaro, kyautar da ta zo da kamiyo sai an tambayi uwarta.

To in ta zo unguwarku, ku nemi takardar. Daga wace masana'anta, yaushe aka gwada, kuma wane aiki aka rubuta. In an rubuta siminti, ku nuna wa direba hanyar filin bulo. In ba takarda, ku ɗauki lambar motar ku kai meri kafin ya ɗaga bodi, don in ta zube ba mai kwashe ta da cokali.

[Inna na miƙo hannu]

To Inna, ga gwangwaninki. Kwalbar dama kuma kada kowa ya sha, na ga yara na zagaye.