Sharhi: Iyakar ƙasa ta koma cikin wayar matafiyi

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wani sauyi ne da ya shigo harkar tafiye-tafiye a hankali, ba tare da an yi wata hayaniya a kansa ba.

A da, idan aka ce 'yan ƙasa kaza ba sa buƙatar biza don shiga ƙasa kaza, magana ta ƙare. Mutum ya yanki tikiti, ya ɗauki fasfo, ya hau jirgi, jami'in shige da fice ya dube shi ya buga hatimi. Yanzu ƙasashe da dama sun ƙara wani sharaɗi: kafin ka bar gida sai ka cike fom ta intanet, ka biya kuɗi, ka jira a ba ka izinin tafiya. In babu wannan izini, ko ƙofar jirgi ba za ka kai ba.

Ostireliya ce ta fara, tun 1996. Amurka ta wajabta nata tsarin mai suna ESTA a watan Janairun 2009, bisa wata doka ta 2007 da ta biyo bayan binciken harin 11 ga Satumba. Kanada ta bi sahu a 2016, Niyu Zilan a 2019, Koriya ta Kudu a 2021. Birtaniya ta soma da 'yan Katar a ƙarshen 2023, ta kai kan Amurkawa da 'yan Kanada a Janairun 2025, sannan 'yan ƙasashen Turai a watan Afrilun shekarar. Tarayyar Turai ta amince da nata, ETIAS, tun 2018, wanda zai shafi ƙasashe 30, amma an yi ta ɗage ranar fara shi, har a 2025 aka ce sai watanni ukun ƙarshe na 2026.

Hujjar gwamnatoci ba ta wasa ba ce, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce rigakafi ya fi magani. Gara a gane mai fasfon sata ko wanda ake nema ruwa a jallo tun yana ƙasarsa, da a gano shi bayan ya sauka. Shi kansa matafiyin ya fi masa sauƙi a ce masa a'a yana ɗakinsa, da ya shafe sa'o'i goma a sama a juyo da shi. Galibin masu nema kuma cikin mintuna suke samun amsa, izinin na aiki shekara biyu a Amurka da Birtaniya, shekara biyar a Kanada. Babu layin ofishin jakadanci, babu ganawa da jami'i. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ya dame ni shi ne inda hukuncin ya koma, da wanda yake yanke shi. A tsohon tsari mutum ne ke tsaye gaban mutum. Idan jami'i ya yi shakka sai ya tambaya, kai kuma ka yi bayani, ka nuna wasiƙar gayyata, ka ba da lambar wayar ɗanka da ke jira a waje. A sabon tsari kwamfuta ce ke fara tace bayananka, tana gwada su da jerin sunayen da ba ka taɓa gani ba.

Mu ɗauki dattijuwar da za ta je ganin jikarta. Ta iso filin jirgi da kayanta, ta miƙa fasfo a wurin awon kaya. Ma'aikaciyar kamfanin jirgi ta goga shi a na'ura, sai allo ya nuna kada a bari ta hau. Me ya faru? Wanda ya cike mata fom ya rubuta sifili a inda harafin O yake cikin lambar fasfo, ko kuwa ta sabunta fasfo alhali izinin yana liƙe da tsohon. Ma'aikaciyar ba ta da ikon yin komai, domin idan kamfanin ya ɗauki fasinja marar cikakkun takardu tara za a ci shi, kuma shi zai mayar da ita da kuɗinsa. Ka ga ma'aikaciyar kamfani mai zaman kansa ta zama mai gadin iyakar wata ƙasa da ke nesa da dubban kilomitoci, kuma ba ita ta yanke hukuncin ba balle a roƙe ta.

Idan kuma aka ƙi ba ka izinin fa? A Amurka da Birtaniya babu ɗaukaka ƙara. Abin da ya rage shi ne ka je ka nemi biza, wato ka koma layin da aka ce an ɗauke maka. Amurka ta ma ware wasu tun farko: dokar 2015 ta cire wanda ya ziyarci Iran, Iraƙi, Siriya ko Sudan daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau daga wannan sauƙin, daga baya aka ƙara Libiya, Somaliya da Yaman. Ban da 'yan keɓe-keɓe kaɗan, ɗan kasuwa da mai ziyarar kabarin iyayensa duk ƙaddara ɗaya ta hau su. A nan dokar Turai ta fi adalci a rubuce, domin ta ce a gaya wa mutum dalilin hana shi, kuma yana da damar ɗaukaka ƙara a ƙasar da ta hana. Sai mun ga yadda za a aiwatar.

Sai batun kuɗi. ESTA kyauta aka fara shi. A 2010 ya zama dala 14, a 2022 dala 21, a ƙarshen Satumbar 2025 dala 40. Daga cikin dala 21 ɗin nan, 4 kaɗai ne kuɗin duba fom, sauran 17 na tallata yawon buɗe ido ne. Birtaniya ta tashi daga fam 10 zuwa 16 a Afrilun 2025. Turai ta ɗaga nata daga yuro 7 zuwa 20 tun ba a buɗe shi ba, ko da yake ta yafe wa 'yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 70. Iyali mai mutum biyar ya lissafa ya gani. Idan don tsaro ne, a karɓi abin da aikin tantancewa ya ci kawai.

Kenya ta nuna yadda abin ke juyewa. A Disamban 2023 Shugaba William Ruto ya sanar da soke biza ga kowa da kowa, aka yi ta yabo. Da aka shiga Janairun 2024 sai ga izinin intanet na dala 30, har a kan 'yan ƙasashen da a da suke shiga da fasfo kawai ba su biyan ko sisi. An gudu ba a tsira ba. Koke ya yi yawa, har a Janairun 2025 majalisar ministocin ƙasar ta amince a cire wa 'yan Afirka sharaɗin, ban da Somaliya da Libiya.

Akwai kuma 'yan damfara da dillalai da suka cika intanet da shafuka masu kama da na gwamnati, da tuta da tambari, suna karɓar ninkin kuɗin. Hukumar tsaron iyakokin Turai, Frontex, ta ce ta gano irin waɗannan shafuka sama da ɗari a kan ETIAS tun kafin a karɓi fom ko ɗaya. Duk wanda ya miƙa musu hoton fasfo da lambar katin banki ya ba da abin da ba zai iya dawo da shi ba.

Don haka mai shirin tafiya ya nemi izini ta shafin gwamnatin ƙasar ko manhajarta kaɗai, kwanaki kafin tashi (Amurka na ba da shawarar aƙalla sa'o'i 72), ya karanta lambar fasfonsa harafi bayan harafi, kuma ya sani izinin na hawa jirgi ne, jami'in da ke can har yanzu yana iya mayar da shi. Su kuma gwamnatocin, tunda sun ɗauko iyakarsu sun kawo ta cikin wayar mutane, wajibi ne su faɗi dalilin duk wanda suka hana, su ajiye ɗan'adam da za a kai wa kuka ya duba cikin kwanaki kaɗan, su bayyana shekarun da za su riƙe bayanan jama'a da waɗanda za su nuna wa, sannan su tanadi wata hanya ga wanda ba shi da babbar waya ko katin banki.