Sharhi: Sa'a guda da ke yanke hukuncin gonar shinkafa

Jama'a masu sauraro, akwai wata irin asara da ke samun manomin shinkafa ba tare da ya ga tsutsa ko cuta a gonarsa ba. Ruwa ya wadata, taki ya ji, shinkafa ta yi ciki ta fitar da kai, kore shar. Sai lokacin yanka ya matso, ya ga zangarniya ta ƙi sunkuyawa, tana tsaye ƙyam. Ya tsinko ƙwaya ya matsa tsakanin yatsu, ya ji fanko, ƙaiƙayi kawai. Abin da ya faru ya faru ne makonni uku ko huɗu baya, da hantsi, cikin abin da bai fi sa'a guda ba.

Furen shinkafa ƙarami ne, kuma shi ke yi wa kansa barbara. Kowace ƙwaya takan buɗe baki sau ɗaya tak a rayuwarta, galibi tsakanin ƙarfe 9 na safe zuwa tsakar rana, ta yi kamar sa'a guda ta rufe. A wannan ɗan lokacin ne 'yan jakunkunan da ke ɗauke da garin fure suke tsagewa, garin ya zuba a kan macen furen. Idan zafi ya kai wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas daidai wannan lokaci, jakar ba ta tsagewa yadda ya kamata, ɗan garin da ya zuba ma ba ya tsira. Shi ke nan, wannan ƙwaya ta tafi. Satake da Yoshida sun bayyana haka tun 1978 a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Los Baños a ƙasar Filifin. Abin da ya sauya daga wancan lokaci shi ne yawan ranakun da zafi ke kaiwa can. A 2003 zafi ya yi wa shinkafa mummunar ɓarna a kwarin kogin Yangtze na ƙasar Sin. A watan Afrilun 2021 wata iska mai zafi ta busa na 'yan sa'o'i a Bangladesh, ta bar dubban hekta na shinkafar rani da zangarniya marar ƙwaya.

Masu inganta iri sun bi hanya biyu. Ta farko ita ce neman shinkafar da ke jure zafin. Suka same ta a wani tsohon iri na Indiya mai suna Nagina 22, wanda ake taƙaitawa N22. Jakar garinsa na tsagewa ko da rana ta yi ƙuna. Matsalarsa ita ce ba ya ba da yabanya mai yawa, ba manomin kasuwa da zai bar irinsa na zamani ya koma masa. Don haka ake aura shi da iri mai albarka irin su IR64, a sake aura 'ya'yan da IR64 ɗin, zuriya bayan zuriya, ana duba ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji, har a tsamo halin juriyar a bar sauran tarkacen. Aiki ne na shekaru.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, domin dabara ce irin ta wanda ya san rana: in ba za ka iya da ita ba, ka yi sammako. Akwai wata shinkafar daji, Oryza officinalis, wadda ke buɗe furenta da sassafe. Masu bincike na Japan tare da na IRRI suka ɗauko wannan hali suka shigar da shi cikin shinkafar noma, sai furen ya riƙa buɗewa kusan sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokacin da ya saba. Kafin rana ta take, an gama barbara an rufe baki. Ciyawar da manomi zai tuge ya yar, ita ce ta zo da magani.

Haka kuma shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a yankin tsakiyar kogin Neja a Mali shekaru kusan 3,000 da suka wuce, wadda kuma ta Asiya ta ture gefe saboda tana zubar da ƙwaya. Daga wani irinta mai suna CG14, wanda shi ne ɗaya daga cikin iyayen NERICA ta tudu, wato shinkafar da aka samu daga auren ta Afirka da ta Asiya, masana a Shanghai suka gano ƙwayar gado mai taimakawa wajen jure zafi, TT1, a 2015, sannan TT3 a 2022. Duk waɗannan ba wanda ya ƙirƙiro su. A ajiye aka tarar da su, a rumbunan adana iri irin na IRRI mai ɗauke da samfur sama da 130,000.

Sai dai ina da ja a kan duk wanda zai lika wa buhun iri takardar "mai jure zafi" ya tafi. Zafin da ma'auni ke nunawa a iska daban, wanda zangarniya ke ji daban. Inda iska take a bushe, kamar kwarin kogin Senegal da rani, shinkafar da ke tsaye cikin ruwa tana fitar da gumi ta sanyaya kanta, zangarniya ta fi iska sanyi da digiri da yawa. Inda iska ke da laima kuwa gumin ba ya tashi, digiri 34 ma na iya yin ɓarnar da 38 bai yi ba a can. Irin da aka gwada a wuri guda bai gama cin jarrabawa ba.

Sannan ga zafin dare, wanda sammako ba ya maganinsa. Binciken da aka wallafa a 2004 daga gonakin IRRI ya nuna cewa a noman rani, duk ƙarin digiri ɗaya a zafin dare yana rage amfani da kusan kashi 10 cikin 100. Shuka na ƙona abincin da ta tara da rana, ƙwaya ta fito cikinta fari kamar alli, ta kakkarye a injin casa. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin haɗa sammakon shinkafar daji da juriyar N22 a iri guda, ana kuma laluben halin da zai riƙe ƙwaya cikin dare mai zafi, wanda shi ne aikin da ya fi baya.